Na Ce Musu Babu Idon Namiji

Talata, 9 ga Yuli, bayan La'asar

Yau kibiyar kwamfutata ta yi tafiya ita kaɗai. Wallahi hannuna ɗaya yana cikin kwanon gyaɗa, ɗayan yana riƙe da waya, ina kallo ta taso daga ƙasan allo ta hau sama a hankali, ta je ta tsaya a kan foldar bikin Radiyya. Na zabga salati da ƙarfi har Khadijatu ta farka daga barcin ranarta tana kuka. Ina kai hannu sai abar ta nutsu, kamar ba ita ba.

Na ce wa kaina gajiya ce. Tun bayan Babbar Sallah ban zauna ba, biki kan biki, kowace uwar amarya kuma so take a ba ta hotunanta tun jiya. Na rubuta ne kawai don kar gobe in ce mafarki na yi.

Alhamis, 11 ga Yuli, da hantsi

Hajiya Azumi ta kira daga Inkil tana tambayar hotunan bikin 'yarta Radiyya. Na ce ta ƙara min mako guda. Ta ce, "Ba komai Zakiyya, ai a hannunki suke, hankalina kwance yake."

Maganar nan ta tsaya min a rai, ban san dalili ba.

Ni ba don na fi kowa iya hoto ake kirana ba, na san da wannan. Samarin situdiyo sun fi ni kyamara, sun fi ni fitilu. Abin da nake da shi shi ne ina shiga inda ba sa shiga: ɗakin dilka, ɗakin lalle, wajen da mata ke yar da mayafi da ɗankwali su yi rawarsu babu mai ce musu kanzil. Duk gidan da na je magana ɗaya nake faɗa, har ta zame min kamar karatu: "Daga kyamarata zuwa kwamfutata, daga kwamfutata zuwa hannunku. Babu idon namiji a tsakani." Ko wankin hoto ba na kai wa kowa, injina yana nan kusurwar ɗaki. Shekara huɗu da wannan maganar nake cin abinci a garin Bauchi.

Ita kuwa Radiyya nata daban ne. Tana ƙarama risho ya fashe da ita, ƙunar ta ɗauko daga ƙasan kunnenta har kafaɗa. Ko a cikin mata ba ta sakin mayafi. Ranar dilka, da ɗaki ya rage daga ni sai ita, ta ce, "Anti Zakiyya, ɗauke ni guda ɗaya a haka. Nawa ne ni kaɗai, ko Inna kar ki nuna wa." Ta sauke mayafin, ta zauna da ɗaurin ƙirji, ta kalli kyamara ido cikin ido. Ban taɓa ɗaukar hoton da ya kai wannan kyau ba. Yana cikin foldar.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan Magariba

Abban Khadijatu ya dawo daga Damaturu. Mako uku yake yi a wajen aiki kafin ya leƙo mu. Ya zo min da yadi mai ruwan zuma, ya zo wa 'yarsa da takalmi mai fitila, yarinya ta hana kowa sakat da tsalle. Na yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe, ya ci ya ƙara. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Shi ya saya min kwamfutar nan lokacin da 'yan uwana ke cewa hoto ba sana'ar matar aure ba ce, shi ya zauna ya saita min komai a ciki.

Muna hira, yana wanke hannu, sai ya ce, "Wai yarinyar nan ta Inkil, ashe ƙuna ce a kafaɗarta haka? Allah sarki."

Na ce, "Eh."

Na kwashe kwanuka. Sai da na kai bakin famfo na tsaya da su a hannu. Wataƙila ni na faɗa masa. Bakina ba ya shiru idan na dawo daga biki, na sani. Wataƙila ni na faɗa masa.

Lahadi, 14 ga Yuli, da yamma

Ya koma ɗazu da rana.

Ina gyaran hotuna, kaina babu ɗankwali saboda zafi, sai 'yar fitilar da ke gefen idon kyamarar kwamfutar ta kawo haske. Ban buɗe komai ba, ban kira kowa ba. Ta yi kamar ƙiftawar ido uku ta ɗauke. Na rufe kwamfutar da ƙarfi har na ji tsoron na fasa allon, na jawo hijabi na saka. Ni kaɗai a ɗakina, da hijabi har ƙasa. Kai, Zakiyya, kin ga ta kanki.

Na yanko filasta na manne idon.

Litinin, 15 ga Yuli, bayan Azahar

Datar da na saya ta wata guda ta ƙare yau, ko kwana goma ba ta yi ba. Fankar cikin kwamfutar kuma sai gurnani take kamar injin markaɗe, ko ban buɗe komai ba. Na sa manhajar kashe bairos ta duba ko'ina, ta gama ta nuna min koren tambari wai komai lafiya lau. Lafiya lau ɗin gidanku!

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne na tuna matan da ke zuwa ɗakin nan zaɓen hoto. Suna shigowa suke cire mayafi su jefa kan gado, wata ta ciro nono ta ba ɗanta, duk a gaban idon nan da na manne jiya. Ni ce nake ce musu, "Ku saki jiki, nan babu kowa."

Laraba, 17 ga Yuli, da yamma

Na kai ta shagon Oga Godfrey, wanda ke gyara wa 'yan jami'a kwamfuta a nan Yelwa. Dattijo ne mai furfura a gemu, ga faɗa, kuma shi kowa "kai" ne a bakinsa, mace ko namiji. Na ba shi labari, ya miƙo hannu ya ce, "Madam, ka bar shi nan, ka zo jibi."

Na ce ba za ta kwana a hannun kowa ba.

Ya ce to in buɗe ya duba a gabana. Na ce ba zai kalli allon ba.

Ya cire tabarau ya dube ni sama da ƙasa. "To me ka kawo min? Addu'a zan yi masa?"

Raina ya ɓaci, na ce masa matan mutane ne a ciki, babu mayafi, kuma na yi musu alkawari. Ko hoton da ke fuskar kwamfutar ma na wata amarya ne. Na ɗauki jakata zan fita, hawaye na neman kunyata ni a gaban ɗalibai. Sai ya ce in dawo. Ya kori yaran da ke shagon, ya jawo min kujera ya juya ta yadda bayana zai jingina da bango, shi kuma ya zauna can bayan kanta yana fuskantar titi. Ya ce, "Ni zan faɗa, kai ka danna. Abin da ka gani ka karanta min. In ka yi ƙarya kanka ka cuta."

Abu na farko, ya sa na raba ta da intanet gaba ɗaya, ya ce kar ta ƙara shaƙar data sai ya ce. Daga nan ya sa na buɗe jerin abubuwan da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Sunaye ne na Turanci marasa kan gado, ina karanta masa harafi-harafi kamar 'yar aji ɗaya, yana cewa "wuce, wuce, wannan ɗan gida ne, wuce." Muka yi ta yi har aka ɗauke wuta batirina ya mutu. Ya ce in dawo gobe.

A keke ina dawowa na rungume jakar a ƙirji, har mai keken ya tambaye ni ko jariri ne.

Alhamis, 18 ga Yuli, bayan La'asar

Mun same shi.

Na karanta wani suna, Oga Godfrey ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya sa na duba inda abin yake zaune, sai ga shi a wani lungu da shi ya ce 'yan gida ba sa zama. Ya ce sunansa ƙofar baya. Wai kamar mutum ya fasa katangar bayan gidanka ne ya sa ƙyaure, ya riƙe makulli. Kai kana ta kulle ƙofar gaba da kwaɗo biyu, shi kuwa ya shiga lokacin da ya ga dama, ya buɗe akwati, ya kunna kyamara, ya kwashi abin da yake so ya fita.

Na ce, "Ya kwasa?"

Ya ce, "Zai iya."

Na ce, "Ba zai iya na tambaye ka ba, Oga. Ya kwasa?"

Yana kallon titi ya ce datar da ta ƙare min ba iska ta sha ba.

Muka tsayar da abin, muka goge shi, na kashe na kunna, babu shi. Na yi masa godiya har da durƙusawa. A hanya na sayi balangu, na ce yau zan ci abinci. Ban iya ci ba, Khadijatu ce ta cinye.

Asabar, 20 ga Yuli, da safe

Na kunna ta. Abin ya dawo, da sunansa da komai, a inda muka goge shi.

Litinin, 22 ga Yuli, bayan Azahar

Oga Godfrey bai yi mamaki ba. Ya ce irinsu suna barin ɗan aike a ɓoye wanda zai sake dasa su in an cire. Muka koma zaman mu, ni da bango, shi da titi. Muka tono ɗan aiken a cikin ayyukan da kwamfuta ke yi da kanta a kan lokaci. Sannan ya ce in buɗe manhajar kashe bairos ɗin, in shiga wajen da ake rubuta abubuwan da aka ce kar ta taɓa. Ban ma san akwai irin wannan wajen ba. Na shiga. Sunan yana nan, shi kaɗai, an yi masa izini.

Ya ce, "Ka gani? An ce wa mai gadi wannan baƙon na gida ne, shi ya sa bai yi ihu ba."

Ya ce akwai waɗanda ke shigowa ta saƙon bogi ko ta manhajar sata, daga wata ƙasa ma, kuma da haka ya so a ce nawa yake. Amma yadda aka jera wannan, ya fi kama da aikin wanda ya zauna da kwamfutar a cinyarsa, ya san lambar sirrinta, bai kuma yi sauri ba.

"Madam, wa yake taɓa shi bayan kai?"

Na ce babu kowa.

"Wa ya san lambar?"

Na ce babu kowa. Na ce ƙila tun daga wajen mai sayarwa ne, ai 'yan kasuwar nan ba tsoron Allah gare su ba. Ya ce to mu duba ranar da aka sa shi. Ya faɗa min inda zan danna. Na danna, na ga ranar.

Watan Fabrairu ne. Makon da na tafi biki Azare na kwana uku, na ɗauki kyamara kaɗai, na bar kwamfutar a gida cikin durowa saboda an ce min hanya ba kyau, kar a ƙwace min ita.

Ya ce, "Ka karanta min mana."

Na ce rubutun ya yi ƙanana, ba na gani. Bai juyo ba, bai kuma sake tambaya ba. Allah ya saka wa dattijon nan.

Talata, 23 ga Yuli, da asuba

Wataƙila ni na faɗa masa.

Talata, da yamma

Na zauna na bi hirarmu ta makon bikin kalma-kalma. Na ba shi labarin ruwan saman da ya rushe rumfa, na ba shi labarin gwaggon ango da ta yi faɗa a kan nama. Na tuna har dariyar da ya yi. Na nemi inda na ce kafaɗa, na nema, na nema.

An kira ni aikin kamu a Gwallameji ranar Asabar. Matar ta ce, "An ce ke ce wadda maza ba sa ganin aikinki." Na buɗe baki in faɗi maganata ta kullum, ta ƙi fitowa. Na ce mata ba ni da lafiya, ta nemi wata.

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan La'asar

Oga Godfrey ya ce tun da an daɗe ana shiga, shi ba zai rantse cewa ƙofa ɗaya ce ba. Magani shi ne a rushe komai a sake gini. Na sayo sabuwar ma'ajiyar fayil a leda, irin wadda ake jonawa a kwamfuta, na kwashe hotuna kaɗai a ciki, ban ɗauki manhaja ko ɗaya ba. Ya sa na bincike ma'ajiyar da wata manhajar daban, ta fito fes. Sannan muka yi wa kwamfutar fomatin. Ina kallo shekara huɗu na saitin da aka yi min suka tafi, allo ya koma shuɗi, babu hoton kowa. A nan ne ya juyo da kujerarsa karo na farko, ya karɓe ta ya ƙarasa da hannunsa.

Ya sa na canza lambobin sirrina duka, na imel da na komai, a kan wata kwamfutar shagonsa. Ya ce in zaɓi abin da ko wanda ya san ni ba zai canka ba. Tsohuwar lambar ranar aurenmu ce.

Na tambaye shi ko akwai yadda za a dawo da abin da aka riga aka ɗauka. Ya ce, "Madam, ƙofa na iya rufewa. Abin da ya fita ba ya hannuna."

Alhamis, bayan Isha'i

Abban Khadijatu ya kira kamar kullum. Ya tambayi Khadijatu, ya tambayi ko mai ruwa ya kawo. Sai ya ce, "Wai me ya sami kwamfutar taki ne? Kwana biyu na ga a kashe take."

Ban gaya masa ta lalace ba. Ban gaya wa kowa ba. Daga Damaturu zuwa ɗakin nan tafiyar yini ce.

Na tsaya riƙe da wayar a kunne. Ina jin ƙarar fankar ɗakinsa. Can ya ce, "Zakiyya," na kashe wayar.

Juma'a, 26 ga Yuli, bayan Magariba

Ya zo, ko da yake ba makon zuwansa ba ne. Na kai Khadijatu gidan maƙwabta.

Ba zan rubuta duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ba. Ya ce ni yake dubawa, ba su ba. Ya ce mutum yana nesa, matarsa tana yawon gidajen biki, mutane suna kawo masa maganganu, me nake so ya yi? Ya ce foldar kuskure ne, hannunsa ne ya kai. Ya rantse bai ajiye komai ba, bai tura wa kowa ba. Ya yi kuka, ban taɓa ganin hawayensa ba sai yau.

Na ce, "Da ni kaɗai ka kalla, Abban Khadijatu, da na ce tsakanina da kai ne, in yi fushina in huce. Wata biyar kana leƙen matan mutane ta hannuna. Ni na cire musu mayafin da bakina."

Ya ce a bar maganar a ɗakin nan, tun da babu wanda ya sani, babu wanda ya cutu. Ya ce in na fitar da ita na kashe sana'ata, na kashe shi, har Khadijatu sai an goranta mata. Duk gaskiya ne, shi ne abin haushin.

Da zai kwanta ya ce, a hankali, wai ko zan ba shi sabuwar lambar saboda halin rayuwa. Na ce a'a. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ce masa a'a kai tsaye ba. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Asabar, 27 ga Yuli, da rana

Na wanke hotunan Radiyya. Guda ɗayan na sa shi a ambulan daban.

Lahadi, 28 ga Yuli, da yamma

Na fara biyawa ta gidan Hajiya Azumi na ba ta albam. Ta yi ta sa min albarka, ta cika min leda da man shanu da ƙwan zabi. Na karɓa kamar ɓarauniya. Daga nan wata yarinya ta nuna min gidan amarya, can bayan gonakin masara, ginin ko fenti ba a gama ba.

Mijinta ya fita. Radiyya ta tare ni da gudu, lallenta bai gama gogewa ba. Ta rufe ƙofa, ta yar da mayafin a kan kujera, ta zauna kusa da ni da 'yar shimi, kafaɗar a waje. Ta ce tun ranar nan ta rage jin kunyarta. Na ba ta ambulan. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa tana bin tabon a jikin takardar.

Ta ce, "Anti, ashe haka nake? Wallahi ban san ina da kyau ba."

Na yi niyyar in tashi a nan. Na ma ɗauki jakata. Hanya a buɗe take, in yi sallama in tafi da man shanuna, in karɓi aikin Asabar mai zuwa, babu mai sani har abada.

Sai ta ɗago tana murmushi ta ce, "Ni da ke kaɗai muka taɓa ganinsa ko?"

Na ajiye jakar. Na ce, "A'a, Radiyya."

Na faɗa mata yadda aka shiga, da tsawon lokacin, da cewa ban san iyakar abin da ya fita ba. Ta tambaye ni wane ne. Na faɗa mata wannan ma. A nan ne kawai na faɗi sunansa, a littafin nan ma ban iya ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta mayar da hoton cikin ambulan ta kife shi a kan tebur. Sannan ta miƙa hannu ta jawo mayafin daga kan kujera, ta yafa, ta ja shi har ƙasan kunne, ta riƙe bakinsa da hannu a wuyanta. Ƙofa a rufe take, daga ni sai ita a ɗakin.

Sauran gidajen da zan je in faɗa musu suna nan, tun daga na watan Fabrairu. Gobe zan fara da na Unguwar Jaki.